Jirgin ruwan shugaban ƙasa na aiki ne ko na shan iska? Abin da tarihin Mayflower ya nuna

Shin jirgin ruwan shugaban ƙasa kayan aikin gwamnati ne, ko kuwa kayan jin daɗin mutum ɗaya ne da ake biya da kuɗin kowa? Wannan tambaya ta raba kan 'yan Najeriya a watan Nuwamban 2023, lokacin da aka hango kimanin naira biliyan 5 da aka ware wa irin wannan jirgi a cikin ƙwarya-ƙwaryar kasafin kuɗi na naira tiriliyan 2.17. A lokacin wata biyar ke nan da janye tallafin mai, kuɗin mota ya ninka, mudun abinci ya tashi, saboda haka ba abin mamaki ba ne yadda ƙura ta turnuƙe. Fadar shugaban ƙasa ta ce jirgin na rundunar sojin ruwa ne, kuma tun zamanin gwamnatin da ta gabata aka yi odarsa. Majalisar wakilai ta cire kuɗin, ta ƙara su a kan na bashin karatun ɗalibai. Surutu ya lafa, amma ba a amsa tambayar ba.

Abin da na lura da shi a wancan ce-ce-ku-ce shi ne, kowane ɓangare suna ya kama ya riƙe. Wanda ya ji "na shugaban ƙasa" sai ya hango liyafa da kiɗa a tsakiyar teku. Wanda ya ji "na sojin ruwa" sai ya ce ai magana ta ƙare. Alhali jirgi ɗaya na iya zama duka biyun a rana ɗaya. Amurka ta yi irin wannan gardama kusan shekara ɗari da suka wuce a kan wani jirgi mai suna Mayflower, wanda ya yi wa shugabanninta biyar hidima daga 1905 zuwa 1929. Tarihinsa a rubuce yake tun daga ranar da aka ƙera shi har ranar da aka farfasa shi, don haka yana da daɗin auna magana da shi.

## Me ake nufi da jirgin alfarma?

Kalmar da ta tayar da ƙurar a takardar kasafin ita ce yacht. Asalinta daga harshen mutanen Holand ne, inda jacht ke nufin farauta. Da can sunan wani ƙaramin jirgi ne mai sauri da suke bin 'yan fashin teku da shi a ruwa maras zurfi. A 1660 suka ba Sarkin Ingila Charles na Biyu kyautar irinsa, ya riƙa fita shan iska da shi, daga nan sunan ya koma na jirgin da ba ya dakon kaya, ba ya ɗaukar fasinja don kuɗi, ba ya kamun kifi. Aikinsa ɗaukar mai shi da baƙinsa.

Abin da ya fi kusa da shi a wurinmu shi ne dokin zage. Lafiyayyen doki ne, an yi masa ado, kullum ana ba shi harawa da dawa da kanwa, amma ba ya noma, ba ya dako. Fitowarsa sai ranar hawa, kuma duk wanda ya gan shi ya san darajar mai shi. Wanda ya taɓa ajiye doki kuwa ya san kuɗin sayensa ne mai sauƙi. Ciyarwar ce take cin mutum. Mai karatu ya riƙe wannan, don a kansa rigimar Mayflower ta ƙare.

Shi kuma "na shugaban ƙasa" muƙami ne da ake ɗora wa jirgi kamar yadda ake naɗa wa mutum rawani. Ana naɗawa, ana kuma tuɓewa. A Amurka jirgin shugaban ƙasa yana cikin jerin jiragen rundunar sojin ruwa, hafsan soja ke jan ragamarsa, sojoji ke aiki a cikinsa, daga kasafin rundunar ake biyan kuɗinsa. Saboda haka idan aka ce jirgin shugaba na sojin ruwa ne, gaskiya aka faɗa, sai dai gaskiyar ba ta gaya maka abin da jirgin yake yi daga Litinin zuwa Lahadi ba.

Kada kuma a rikita wannan Mayflower da wancan tsohon jirgin mai filafilai da ya kai Turawan Ingila gaɓar Amurka a 1620. Suna kawai suka haɗa.

## Attajirin da ya rasu a cikinsa

An ƙera Mayflower a 1896 a garin Clydebank na Sikotland, a masana'antar J. and G. Thomson, bisa zanen George Lennox Watson, wanda ya yi suna a wannan sana'a a zamaninsa. Wanda ya ba da aikin shi ne Ogden Goelet, ɗan wani gida da ya yi arziki da filaye da gidajen haya a birnin New York. Zamani ne da attajiran Amurka ke gasar gina fadoji da ƙera jirage don su shiga sahun masu sarautar Turai. Ɗan'uwansa Robert ma ya sa an ƙera masa irinsa, aka sa masa suna Nahma.

Tsawon jirgin ya haura mita 80, nauyinsa kimanin tan 2,700, yana kuma gudun da ya kai kilomita 31 a awa. A sama ɗakunan kwana ne da zaurukan cin abinci da aka ƙawata da katako mai tsada. A ƙasa kuwa wata duniya ce daban. Jirgin tururi yana tafiya ne da manyan tukwanen ƙarfe cike da ruwa, ana hura musu wutar kwal har ruwan ya tafasa, tururin ya tura injin, injin ya juya farfela. Wutar nan ba ta ci da kanta. Mutane ne ke tsaye a gaban bakin murhu da shebur, cikin zafin da ya fi na maƙera, suna ɗura kwal suna kwashe toka, ana karɓa-karɓa dare da rana. Ranar lodin kwal kuwa baƙar ƙura takan rufe jirgin gaba ɗaya, sai an bi shi lungu-lungu an wanke, an goge tagulla, an sake fenti. Kowane baƙo ɗaya da ke zaune a sama yana kallon teku, akwai mutum da yawa a ƙasa da ke zufa dominsa. Wannan ne ya sa jirgin tururi na alfarma yake buƙatar ma'aikata masu yawa ko yana tafiya ko yana ɗaure.

Goelet bai daɗe yana morar jirginsa ba. A watan Agustan 1897 ya rasu a cikinsa a Cowes, gaɓar kudancin Ingila, inda manyan Turai ke taruwa duk shekara don tseren jirage. Jirgin ya zama kayan gado, shekararsa ɗaya kacal a ruwa.

## Yadda yaƙi ya mai da shi na gwamnati

Ranar 15 ga Fabrairun 1898 jirgin yaƙin Amurka mai suna Maine ya fashe a tashar Havana ta Kyuba, wadda a lokacin take ƙarƙashin mulkin Sifaniya. Sama da mutum 250 suka mutu. Jaridun Amurka suka ɗora wa Sifaniya laifi, aka fara kaɗa gangar yaƙi. A watan Maris majalisar dokoki ta ware dala miliyan 50 don shiri, rundunar sojin ruwa kuma ta ga ba ta da isassun ƙananan jirage masu sauri, ba ta kuma da lokacin ƙera sababbi. Sai ta shiga kasuwa tana sayen na attajirai. Har jirgin hamshaƙin ɗan kasuwar nan J. P. Morgan aka saya aka sauya masa suna zuwa Gloucester. Mataimakin sakataren sojin ruwa a wannan lokaci wani ɗan siyasa ne mai zafin nama, Theodore Roosevelt.

A haka aka sayi Mayflower daga hannun magada a kan dala 430,000, aka kafa masa bindigogi, aka shigar da shi aikin soja ranar 24 ga Maris 1898. Ya shiga cikin jiragen da suka yi wa Havana ƙawanya, ya kuma kama wani jirgin Sifaniya mai suna Santiago Apostol. Yaƙin bai wuce 'yan watanni ba. A yarjejeniyar Paris ta Disambar wannan shekara Sifaniya ta saki Kyuba, ta miƙa wa Amurka Puerto Rico da Guam da Filifin.

Shekarun da suka biyo baya sun nuna irin Amurkar da take tasowa, kuma Mayflower yana wurin kusan duk inda aka taka. A 1900 shi ne ya zama mazauni kuma ofishin Charles Allen, gwamnan farar hula na farko da Amurka ta naɗa wa Puerto Rico. A 1902 ya ɗauki tutar Admiral George Dewey, babban hafsan sojin ruwan Amurka, wato ya zama jirgin da yake ba da umarni daga cikinsa. A watan Nuwamban 1903 yana gaɓar Panama lokacin da yankin ya ɓalle daga Kolombiya, jiragen yaƙin Amurka suka hana sojojin Kolombiya murƙushe ɓallewar, abin da ya buɗe wa Amurka hanyar haƙa mashigin ruwan Panama. Masu tarihin Amurka kan ba da wannan a matsayin jerin nasarori. Mutanen Kolombiya da Puerto Rico da Filifin suna da tasu fassarar, kuma bai kamata a binne ta a ƙarƙashin kyan jirgi ba.

A ƙarshen 1904 aka janye shi don a gyara shi ya zama jirgin shugaban ƙasa. Shugaban kuwa shi ne wannan Roosevelt ɗin, wanda ya hau mulki a 1901 bayan an harbe William McKinley.

## Ranar 5 ga Agustan 1905

Idan masu kare irin wannan jirgi za su kawo hujja ɗaya tak, wannan ranar za su kawo.

Tun Fabrairun 1904 Rasha da Japan suke gwabza yaƙi a kan Manchuriya da Koriya. A ƙarshen Mayun 1905 Japan ta ragargaza rundunar jiragen Rasha a mashigin Tsushima, abin da ya girgiza duniya, don ba a saba ganin ƙasar Asiya ta doke babbar daular Turai da makaman zamani ba. Amma kowa a cikinsu ruwa ya kusa ƙare masa. Rasha tana fama da bore a cikin gida, Japan kuma kuɗi da mayaƙa sun fara yi mata ƙaranci. Dukansu suna son a tsaya, babu mai son a ce shi ya fara roƙo. Roosevelt ya shiga tsakani.

Matsalar farko ita ce yadda za a haɗa wakilan fuska da fuska. Rasha ta aiko da Sergei Witte da Baron Rosen, Japan ta aiko da ministan harkokin wajenta Komura Jutaro da jakada Takahira Kogoro. Ɗaya na ganin kansa wakilin babbar daula, ɗaya na ganin kansa wanda ya yi nasara a fagen daga. Wa zai fara shiga ɗaki? Wa zai zauna a hannun daman shugaba? Sarkin wa za a fara ambata? Duk wanda ya taɓa shirya zaman sulhu tsakanin manya biyu da ba sa ga maciji ya san a kan wurin zama kaɗai taro kan watse tun ba a buɗe shi da addu'a ba.

Roosevelt ya sa aka kawo Mayflower gaɓar Oyster Bay, kusa da gidansa a New York, kwana goma sha ɗaya bayan jirgin ya dawo aiki. Kowace tawaga ta iso a jirgin yaƙin Amurka daban. Ya gabatar da su ga juna, suka gaisa. Da lokacin cin abinci ya yi sai ya jera da shugabannin tawagogin biyu suka shiga tare, ba wanda ya riga wani. Abincin kuwa an jera shi ne kowa ya ɗiba ya ci a tsaye, don haka maganar kujera ba ta taso ba. Da ya tashi yin fatan alheri ya haɗa sarakunan biyu da al'ummominsu a jimla ɗaya, ya kuma nemi kada kowa ya mai da jawabi. Witte dogo ne ƙato, Komura ɗan ƙarami ne siriri, ga su gefe da gefe da faranti a hannu, mutanen da sojojinsu ke kashe juna a daidai wannan lokacin.

Daga nan aka wuce da tawagogin zuwa garin Portsmouth na Amurka, inda aka yi kusan wata guda ana ja-in-ja, ba tare da Roosevelt yana zaune a teburin ba. Ranar 5 ga Satumba aka sa hannu. Japan ta samu rabin kudancin tsibirin Sakhalin da tashar jiragen ruwa ta Port Arthur da amincewar Rasha cewa Koriya tana ƙarƙashin ikonta, amma ba ta samu diyyar kuɗin da ta nema ba, abin da ya jawo tarzoma a Tokyo. A 1906 aka ba Roosevelt kyautar Nobel ta zaman lafiya. Koriya, wadda ba a gayyace ta zaman ba, ta faɗa hannun Japan a wannan shekarar ta 1905, aka haɗiye ta gaba ɗaya a 1910.

To, jirgin ne ya kawo sulhun? A ganina a'a. Gajiya ce ta kawo shi. Amma jirgin ya yi wani aiki na gaske: ya ba da wuri maras taron jama'a, nesa da 'yan jarida, inda mai masauki ke da iko da ƙofa da tebur da lokaci. Awa biyu ko uku na farkon irin wannan haɗuwa suna da haɗari, kuma an tsallake su lafiya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

## Sauran ranakun fa?

A nan ne lissafi yake sauyawa. Mayflower ya yi kusan shekara 24 yana wannan muƙami, kuma ranakun da suka shiga tarihi ana iya ƙirga su da yatsu. A kansa Roosevelt ya tsaya ranar 16 ga Disambar 1907 a Hampton Roads, gaɓar jihar Virginia, ya sallami manyan jiragen yaƙi 16 da suka zagaya duniya don nuna ƙarfin Amurka, a kansa kuma ya tarbe su a Fabrairun 1909. An karɓi baƙin ƙasashen waje a cikinsa, an yi faretin jirage a gabansa.

Ragowar kwanakin yana ɗaure ne a tashar sojin ruwa ta Washington, ko yana kai shugaba da iyalinsa da abokansa shan iska a kogin Potomac. William Taft ya hau, Warren Harding ya hau. Woodrow Wilson, bayan rasuwar matarsa a 1914, a cikinsa ya yi wani ɓangare na neman auren Edith Galt, wadda ya aura a Disambar 1915. Calvin Coolidge, wanda aka sani da tsimi da tanadi a kuɗin gwamnati, yana cikin waɗanda suka fi son jirgin, yakan fita da shi hutun ƙarshen mako a kai a kai.

Adalci ne a faɗi dalilinsu. Washington gari ne mai zafi da gumi a lokacin bazararsu, babu na'urar sanyaya ɗaki a fadar shugaba a yawancin waɗannan shekaru, babu kuma jirgin saman shugaban ƙasa. Sai a 1943 wani shugaban Amurka mai ci, Franklin Roosevelt, ya fara tafiyar aiki ta sama. Jirgin ruwa shi ne wuri mafi sauƙin tsaro da shugaba zai kuɓuce wa masu neman muƙami ya yi barci. Mutumin da ke ɗauke da nauyin ƙasa yana buƙatar hutu, ban ga mai hankalin da zai musa wannan ba. Gardamar a kan farashin hutun take.

## Lissafin Hoover

Herbert Hoover ya karɓi mulki ranar 4 ga Maris 1929. Injiniya ne, mai son alƙaluma. Bai cika mako uku a ofis ba ya tuɓe wa Mayflower rawaninsa, ranar 22 ga Maris aka sauke tutarsa. Dalilin da ya bayar shi ne jirgin yana cin kimanin dala 300,000 a shekara, yana kuma riƙe da hafsoshi da sojoji fiye da 150 da rundunar ke buƙata a wani wuri.

A auna wannan adadi ta fuska biyu. Albashin shugaban ƙasa a lokacin dala 75,000 ne a shekara, ke nan jirgin yana cin albashin shugaba huɗu. Kuma a cikin shekara ɗaya da rabi yana cinye kwatankwacin kuɗin da aka saye shi a 1898. Ga ciyarwar dokin nan da na ambata. Ta ɗaya fuskar kuwa, gwamnatin tarayyar Amurka tana kashe kimanin dala biliyan 3 a shekara a wancan lokaci, don haka abin da Hoover ya tsimi bai wuce dala 1 a cikin kowace dala dubu 10 ba. Dukkan lissafin biyu daidai ne. Masu suka na farkon suke ɗauka, masu karewa na biyun.

Akwai kuma abin da ba a cika ambata ba. Bayan ya ajiye jirgin, Hoover ya sayi fili da kuɗin aljihunsa a tsaunukan Virginia ya gina sansanin hutu a bakin kogin Rapidan, amma sojojin kundunbala na ruwa ne suka yi aikin ginin suka kuma riƙa gadinsa. Daga baya ma ya riƙa amfani da wani ƙaramin jirgin gwamnati mai suna Sequoia. Buƙatar ba ta tafi ba, wuri ta sauya, kuɗinta ya ragu.

Ajiye jirgin shugaba da Hoover ya fara ya zama al'ada. Harry Truman ya yi amfani da wani jirgi mai suna Williamsburg, Dwight Eisenhower ya ajiye shi a 1953 yana ganin almubazzaranci ne. Sequoia ya daɗe, har Richard Nixon ya karɓi shugaban Tarayyar Sobiyet Leonid Brezhnev a cikinsa a 1973, sannan Jimmy Carter ya sa aka yi gwanjonsa a 1977 a kan dala 286,000. Tun daga nan Amurka ba ta da jirgin ruwan shugaban ƙasa. Birtaniya ta ajiye Britannia, jirgin gidan sarautarta, a 1997. Masar ta bi wata hanyar: jirginta Mahrousa, wanda aka ƙera a 1865 don Khedive Isma'il mai mulkin ƙasar a lokacin, wanda kuma ya fitar da Sarki Faruk daga ƙasar a 1952, yana nan har yau, a kansa ma Shugaba Sisi ya buɗe sabon reshen mashigin Suez a 2015.

## Me ya shafi talaka a ciki?

Mu faɗi gaskiya: soke jirgin shugaba ba ya sauke farashin masara. Wata bakwai bayan Hoover ya ajiye Mayflower kasuwar hannun jari ta New York ta rushe, kafin 1933 kusan mutum ɗaya cikin huɗu na ma'aikatan Amurka ba shi da aiki. Dala 300,000 ba ta tare komai ba, kuma ba da tanadin jirgi jama'a suka riƙa tuna Hoover ba. Haka ma a Najeriya, naira biliyan 5 a cikin tiriliyan 2.17 ba ta wuce naira 2 da 'yan kwabbai a cikin kowace naira dubu ba.

Amma wanda ya tsaya a nan ya ce wa mutane hayaniyarsu ta banza ce, bai fahimci abin da ya ɓata musu rai ba. Gwamnatin da ta ce wa jama'a su ɗaure ciki tana cin bashin yarda ne a wurinsu, kuma da abin da ido ke gani ake biyan wannan bashi. Direban da ya kwana a layin mai ba zai karanta shafi ɗari na kasafi ba, amma ya san ma'anar jirgin alfarma. Carter da Eisenhower sun gane haka, shi ya sa suka rabu da nasu duk da sun san kuɗin ba zai cike giɓin kasafi ba.

Inda nake ganin muhawarar 2023 ta yi rauni shi ne a kan kuɗin saye kawai aka tsaya. Tarihin Mayflower ya nuna tambayoyin da suka fi wannan nauyi. Nawa jirgin zai ci kowace shekara a mai da gyara da albashi? Sojoji nawa za a ɗaure a kansa, a ƙasar da rundunar ruwanta ke fama da ɓarayin ɗanyen mai a yankin Neja Delta da 'yan fashi a mashigin tekun Gini? Kwana nawa zai fita a shekara, kuma wane aiki zai fita yi? Hoover ya iya yanke hukunci ne saboda an ajiye masa waɗannan alƙaluma a kan tebur, ya kuma faɗa wa jama'a su. Idan jirgi na sintiri ne, rajistar fitarsa za ta nuna. Idan na karɓar baƙi ne, a faɗa, a kuma kawo hujjar cewa baƙin sun kai a ajiye musu jirgi. Abin da ke kashe yarda shi ne a sa kayan alfarma a ƙarƙashin layin tsaro, inda aka san ba a cika yin tambaya ba.

## Bayan an tuɓe rawani

Mayflower bai mutu a 1929 ba, ya ƙara shekara 26 a duniya, kuma wannan zangon ya fi na farko wahala. An sa shi a kasuwa ba a samu mai saye ba. Rundunar ta yanke shawarar mai da shi jirgin sintiri, ana cikin gyaransa a tashar sojin ruwa ta Philadelphia sai gobara ta tashi a cikinsa ranar 24 ga Janairun 1931. Ruwan da 'yan kwana-kwana suka yi ta antaya masa ya yi yawa har ya nutse a inda yake ɗaure. Aka tsamo shi aka sayar wa wani attajirin Chicago da ya yi niyyar dawo masa da kyansa na da, sai karayar arziki ta riske shi kafin ya gama. Jirgin ya yi ta sauya hannu a shekarun matsin tattalin arziki. Wani ya ce zai yi dakon kaya da shi a Kudancin Amurka, wani ya ce gidan rawa zai mai da shi, wani ya ce a sayar wa Japan a matsayin tsohon ƙarfe. Babu wanda ya tabbata, yana ɗaure yana tsatsa.

Yaƙin duniya na biyu ya sake tayar da shi, kamar yadda yaƙin 1898 ya fara ɗauko shi. Gwamnati ta saye shi a 1942, a watan Oktoban 1943 ya koma aiki a hannun rundunar tsaron gaɓar teku, yana sintiri a gaɓar Atlantika saboda jiragen Jamus masu nutso, ana kuma koyar da aikin na'urar rada a cikinsa. Yana cikin jirage ƙalilan da suka kasance a bakin aiki a yaƙin Sifaniya da Amurka da kuma yaƙe-yaƙen duniya biyu. An sallame shi a 1946. A farkon 1947 wani ɗan Kanada ya saye shi don farautar dabbobin teku masu kitse a ruwan ƙanƙara na arewa, wata gobarar ta tare shi a hanya ya juyo.

A 1948 aka sake sayensa, aka sa masa sababbin tukwane da tutar Panama da sunan Malla. An shirya shi a Genoa ta Italiya da sunan zai yi fatauci a Bahar Rum, amma daga Marseille ta Faransa ya tashi a asirce da Yahudawa 'yan gudun hijira daga Turai, ya sauke su a Haifa ranar 3 ga Satumba. Da yawansu suna cikin waɗanda Birtaniya ta tare a jirgin Exodus a 1947 ta mayar da su Jamus. Haifar da suka sauka kuwa, 'yan watanni kafin nan yawancin Larabawanta sun bar ta, cikin Falasɗinawa sama da 700,000 da aka kora ko suka tsere daga gidajensu a yaƙin wannan shekara.

Daga baya rundunar sojin ruwan Isra'ila ta karɓe shi ta sa masa suna Ma'oz, ta yi sintiri da horar da sojoji da shi. A 1955 aka farfasa shi aka sayar da ƙarafan, yana da shekara 59.